Sauro da hanci yake farauta: yadda za ka tare masa hanya a gidanka

Sauron da ya tashi daga fadamar shinkafa a Kura ko Auyo bayan magariba bai san gidan kowa ba, kuma ganinsa ba ya nisa cikin duhu. Wari ne ke kawo shi har bakin shimfiɗarka: na numfashinka tukuna, sannan na fatarka, daga ƙarshe ɗumin jikinka. Macen ce kaɗai ke cizo, domin da jini take haɗa ƙwai. Namijin ruwan furanni yake sha, babu ruwansa da kowa.

Mai rai da ke numfashi ba ya iya ɓoye wa sauro kansa, komai turaren da ya fesa. Abin da yake iyawa shi ne ya gano ta inda warinsa ke fita daga ɗaki, ya tare wurin, domin ta nan ne sauron ke shigowa. Yawancin aikin da laka, allura da zare ake yin sa.

Da farko, ka san yadda yake nemo ka

Numfashin da kake fitarwa yana ɗauke da iskar kabon kusan kashi 4 cikin 100, ninki ɗari ke nan na wadda ke cikin iskar sarari. A gefen tsinken bakin sauro akwai wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke jin wannan iska daga nisan mita gommai. Da ya ji ta sai ya fuskanci inda iska ke busowa, ya riƙa tafe yana karkata dama da hagu. In ta ɓace masa ya kewaya har ya sake kamo ta. Amma iskar kabon ba ta gaya masa ko mutum ne ko saniya. Sai ya matso ne warin fata ke karɓar ragamar, wanda yake shinshinawa da zare biyu masu gashi da ke goshinsa.

Shi wannan warin fata ba gumi ne zalla ba. Sabon gumi warinsa kaɗan ne. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fatar kowa su ne ke cin gumin da maiƙon jiki, su fitar da sinadarai masu tsami. Irin bakteriyar da ke jikinka da yawan maiƙon fatarka ba ɗaya suke da na ɗan'uwanka ba, ko da ciki ɗaya kuka fito. Idan saura kamu ɗaya ko biyu tsakaninku, sai ɗumi da danshin jiki su nuna masa inda zai sauka.

Sauro kuma iri-iri ne. Mai yawan kuka a kunne, wanda ke tasowa daga kwatami da ruwan wanke-wanke, galibi Kyuleks ne: yana hana barci, amma ba ya sa maleriya. Mai sa ta Anofilis ne. Idan ya sauka a bango za ka ga ya ɗaga bayansa sama, kansa na ƙasa. Ya fi cizo daga tsakar dare zuwa asuba, kuma nau'insa da ake kira gambiye ya fi son warin mutum a kan na kowace dabba. Da shi muke a wannan jagora.

Mataki na 1: Duba ta ina iska ke bi da daddare

Bayan isha ka fito tsakar gida, ka ɗebi toka ka saki, ko ka dubi inda hayaƙin murhu ya nufa. Can warin gidanka ke tafiya. Duk ruwan da ke kwance ta wannan gefen, ko kududdufin da aka haƙa don yin tubali, ko gonar shinkafa, ko sawun kofaton shanu da ruwa ya cika, sauronsa ne zai fara jin ku. Binciken da aka yi a Kilifi ta ƙasar Kenya, wanda ya fito a 2012, ya nuna gidajen da iska ke ɗaukar warinsu ta kai wa makwancin ruwa sun fi yawan masu zazzaɓi.

A ƙasar Kano da Jigawa hadari daga gabas yake tasowa, amma iskar yau da kullum ta damina daga kudu maso yamma take zuwa, don haka wari yakan nufi arewa maso gabas. Ka gwada a darare daban-daban, domin iskar dare tana juyawa. Ƙananan ramukan da ke wannan gefe ka cike su da ƙasa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne a lokacin zafi, saboda haka ruwan da ya wuce mako a kwance ya zama gidan haihuwa. Fadamar Haɗeja kam ba mai cike ta. Wanda ke maƙwabtaka da ita sai ya ƙara ƙarfi a matakan da ke tafe.

Mataki na 2: Gane wanda sauro ya fi so a gidan

Mutane kan ce wane jininsa zaƙi gare shi. Sun ga gaskiya, dalilin ne suka kuskure: sauro ba ya ɗanɗana jini sai ya riga ya zaɓe ka. A Jami'ar Rockefeller ta Amurka an sa mutane sun ɗaura safar roba a hannu ta ɗauki warinsu, aka ba sauro zaɓi tsakanin safofin. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna waɗanda fatarsu ta fi yawan sinadaran tsamin nan su sauro ya fi bi, kuma da aka sake gwada su bayan lokaci mai tsawo, su ɗin ne dai. A Macha ta ƙasar Zambiya an maimaita irin wannan da Anofilis: mutum shida suka kwana a tantuna, aka zuƙo iskar kowane tanti ta bututu zuwa wani ƙaton keji mai cike da sauro. Dare bayan dare, akwai wanda sauron ya fi yi wa tururuwa.

Wannan halitta ce, ba ƙazanta ba, kada a riƙa yi wa yaro gori. Amfanin saninsa shi ne rabon gidan sauro idan bai wadaci kowa ba.

Mai juna biyu ce ta farko. A Gambiya, a binciken da ya fito a 2000, an ga masu ciki suna jawo Anofilis kusan ninki biyu na marasa ciki. Numfashinsu ya fi yawa da kusan kashi 21 cikin 100, cikinsu ya fi ɗumi, ga kuma yawan fita fitsari da daddare da ke sa su barin gidan sauro. Maigida, ka tanadar mata abin fitsari a kusa, kuma kada ta fasa zuwa awo, inda ake ba da maganin rigakafin zazzaɓi na masu ciki. Sai yara 'yan ƙasa da shekara 5, waɗanda ba lallai su fi babba jawo sauro ba, amma su cutar ta fi kayarwa.

Akwai na uku da ba a cika tunawa da shi ba: wanda ya riga ya kamu. A yammacin Kenya, a 2005, an gano yaran da ke ɗauke da ƙwayar maleriya a matakin da take iya komawa jikin sauro suna jawo shi kusan ninki biyu na sauran yara. Ƙwayar cutar tana sauya warin jikin mai ita don a zo a ɗauke ta a kai wa wani. Saboda haka yaron da ke zazzaɓi, ko wanda bai daɗe da tashi ba, shi ma ya cancanci gidan sauro, don kare ƙannensa da ke kwance gefensa. A kai shi a yi gwajin jini a ranar da jikin ya yi zafi, kuma a shanye maganin duka ko da ya warware a kwana na biyu.

Mataki na 3: Ƙafa, takalmi da kayan gona

Wasu masana biyu 'yan ƙasar Holan, Bart Knols da Ruurd de Jong, sun lura a shekarun 1990 cewa Anofilis gambiye ya fi sauka a ƙafa da idon sawun mutumin da ke zaune. Da aka wanke ƙafar da sabulu mai kashe bakteriya, sai cizon ya watsu zuwa sauran jiki. Har wani cuku mai warin ƙafa suka gwada, sauron ya bi shi. Har yau masu bincike da safar da aka kwana da ita a ƙafa suke ɗana wa sauro tarko.

Abin yi a nan mai sauƙi ne. Kafin zaman hira da kafin kwanciya, a wanke ƙafa da sabulu, a cuɗa tsakanin yatsu, a goge ta bushe. Alwala tana rage datti, amma ruwa kaɗai ba ya fitar da maiƙo. Wanda ya wuni a gona ya yi wankan yamma. Takalmin roba na shiga ruwa, safa, da rigar da ta sha gumi kada su kwana a ɗakin barci, kada kuma a jibge su a bakin ƙofa. A rataye su can gefen rumbu. Igiyar kaya da ke ratse a ɗaki laifinta biyu ne: tana riƙe warin jiki, kuma bayan tufafin ne sauro ke fakewa da rana, musamman masu duhun launi. A ninke su a sa a akwati ko a buhu.

Kada dai a ɗauka wanka ya gama magana. Cikin 'yan sa'o'i bakteriyar ta koma bakin aikinta, numfashi kuwa bai taɓa tsayawa ba. Wanka ragi ne kawai.

Mataki na 4: Nemo ƙofar da ba ka san da ita ba

Wannan shi ne babban aikin, kuma shi aka fi sakaci da shi. Iskar da ta ɗumama da jikin masu barci sama take tashi, ɗauke da numfashi da warin fata, ta fice ta ratar da ke tsakanin kan bango da rufi. Anofilis yana tafe ne ƙasa-ƙasa. Idan ya iske bango sai ya bi shi sama, ya tarar da warin na kwararowa ta ƙarƙashin kwano ko jinka, ya faɗa ta nan. A Gambiya an toshe wannan rata a wasu gidaje aka bar ta a wasu, aka ga Anofilis ya ragu ƙwarai a waɗanda aka toshe. Kai kana ta rufe ƙofa da taga, shi kuwa ta sama yake shiga.

Ga yadda za ka ga hanyar da idonka. Da la'asar sakaliya, ka fitar da kowa daga ɗakin. Ka sa garwashi a kasko, ka zuba turaren wuta ko ɗanyen ganye mai hayaƙi, ka ajiye a tsakiyar ɗaki nesa da katifa da labule. Ka rufe ƙofa da taga, ka fita ka kewaya ɗakin kana kallon sama. Duk inda ka ga hayaƙi na tsiyaya, kamar haka warinku ke fita kowane dare. Ka yi wa wurin alama da gawayi. Ka fitar da kaskon, ka buɗe ɗakin ya sha iska kafin kowa ya shiga.

Sai toshewa. A ɗakin kwano, kwarin kowane kwano yana barin rami a kan bango. A cike su ɗaya bayan ɗaya da laka da aka kwaɓa da ciyawa, ko da siminti in da hali. A duba inda katakon rufi ya ratsa bango, domin lakar wurin takan tsage bayan ruwan farko. A ɗakin soro, a duba bakin azara, gindin indararo, da 'yan ƙananan tagogin sama da magina ke bari. A ɗakin jinka, a yaɓe tsakanin bango da ciyawa har ya haɗe. Wanda ke da ɗan ƙarfi ya yi silin, ko na tabarma ne ko na buhunan da aka ɗinke, muddin ya rufe har bango.

Nan ne ake samun gardama. Za ka ji dattijo na cewa ma'aikaciyar lafiya, "'Yar nan, in na toshe sama ai zafi ne zai kashe mu kafin sauro." Ita kuma ta ce, "Baba, gaskiyarka. A toshe sama, amma a buɗe taga a sa mata raga." Amsar ke nan. Taga biyu masu kallon juna, kowacce da ragar waya da aka kafe da ƙusa ta ko'ina, sun fi ratar sama shigo da iska. Ɗakin da aka toshe ba taga, mutanensa waje za su koma kwana, an gudu ba a tsira ba. Kuma ɗakin da aka toshe ba a kwana da garwashi a cikinsa ko da sanyin hunturu ya kai ina, domin hayaƙin gawayi da ba a gani yana kisa.

Ƙofa ma a duba ƙasanta. In yatsa na shiga, a kafa yankin taya ko katako. Asabari da labule suna rage shiga, amma ba su kai ƙofa mai raga ba. A rufe tun kafin kiran magariba. In bayan duk wannan ka ci gaba da jin kuka a kunne, kada ka ce aikin banza aka yi. Kyuleks ya fi bin ƙofa da taga.

Mataki na 5: Gidan sauro, musamman samansa

Mai barci a cikin gidan sauro mai magani shi ne abincin tarko: warinsa ke kiran sauron, maganin da ke jikin ragar ya kashe shi. Da masana suka ɗauki hoton sauro cikin duhu, sun ga mafi yawan zirga-zirgarsa a saman ragar take, daidai kan mai barci, tun da can wari ke tashi. Mu kuwa gefe muke dubawa in muna neman huji. Ka sauke ragar da rana, ka ɗaga ta a hasken rana, ka fara da rufinta. Ko hujin bai wuce shigar babban yatsa ba, a ɗinke ko a ƙulle. Kada a shanya zani a samanta, domin ya rufe wurin da sauro zai taɓa magani.

Sabuwar raga a shanya ta a inuwa kwana ɗaya kafin a shiga, shi ke rage ƙaiƙayin fuska da ke sa wasu ƙin ta. A wanke ta da sabulun wanki na sanda, ba da omo ba, a hankali, a shanya a inuwa. A cusa gefenta ƙarƙashin katifa ko tabarma ta ko'ina, a kwanta nesa da jikinta don kada a cije ka ta waje. Masu bincike daga Jami'ar Bayero sun nuna sauron yankin Auyo ya fara jure wa irin maganin da aka daɗe ana sa wa raga, shi ya sa ake fito da sababbi masu haɗin magani biyu. Wannan ba hujjar mayar da ita shingen lambu ba ce. Ragar da ba ta huje ba katanga ce ko da maganinta ya yi sanyi.

Zauren da almajirai ko 'yan ci-rani suka cika, numfashin mutum ashirin ne ke fita ta rufi ɗaya, don haka ya fi kowane ɗaki kiran sauro. Alaramma da masu unguwa su fara da irin waɗannan wurare.

Mataki na 6: Turken dabbobi

Wani nau'in Anofilis, arabiyensis, yana shan jinin shanu kamar yadda yake shan na mutum, kuma ba ya ƙin cizo a waje. Saniya na fitar da iskar kabon fiye da mutum nesa ba kusa ba. In turke na manne da bangon ɗakin barci, ta kira sauron ne ku raba. A matsar da shi iya nisan da tsaron dabbobin zai bari, a kuma gyara ƙasan wurin don kada ruwa ya kwanta a sawun kofato.

Mataki na 7: Tsakanin magariba da kwanciya

Gidan sauro ba ya bin ka majalisa ko wurin mai shayi. A wannan lokaci a rufe ƙafa: dogon wando, safa mai tsabta, mata su saki zani har idon sawu, kuma tufafi masu haske sun fi baƙaƙe. Man shafawa mai sinadarin DEET ko picaridin yana rikita hancin sauro na sa'o'i. A duba sunan a jikin kwalba, a shafa a ƙafa da hannu, ban da ido, baki da tafin hannun yara, ban da jariri sabon haihuwa. Fanka mai aiki da sola tana yin abu biyu: ta tarwatsa warin, ta kuma hana sauron sauka, don ba shi da ƙarfin tashi.

Hayaƙin ganyen darbejiya, daddoya, ganyen bishiyar turare ko ɓawon lemo yana korar sauro muddin yana tashi. Da ya mutu, sun dawo, kuma sauron maleriya ya fi ƙarfi ne a lokacin da kaskon ya daɗe da hucewa. A yi shi a tsakar gida don hira, kada a dogara da shi don barci. Maganin sauro na kunnawa ma haka yake, kuma ba a kunna shi a rufaffen ɗaki kusa da jariri ko mai asma. Fiya-fiya kuwa maganin ƙwarin gona ne da aka ɗura a kwalba. Yayyafa shi a ɗakin da yara ke kwana ganganci ne.

Akwai abubuwan da ban ga dalilin kashe musu ko sisi ba. Cin tafarnuwa da shan ƙwayar bitamin B an gwada su, ba su hana cizo ba. Manhajar waya da 'yan na'urorin da aka ce ƙararsu na korar sauro, su ma an gwada, babu abin da suke yi. Gorar ruwan sukari da yis da ake nunawa a Facebook tana fitar da iskar kabon da gaske, amma ba ta kai ta mutum ɗaya mai barci ba, kuma ba ta da abin zuƙe sauron. Tarkon wari na gaskiya akwai shi: a tsibirin Rusinga na Kenya an rataya masu fanka da sola a jikin gidaje, kuma rahoton 2016 ya nuna masu ɗauke da maleriya sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Wancan tarkon yana da fanka da haɗin sinadarai da aka auna.

Daga watan Yuli, idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan wata 3 zuwa 59 suka shigo gida-gida, uwargida ki karɓa, ki kuma ba da na kwana na biyu da na uku da aka bar miki.

Ga masu kwana a gona

Lokacin da shinkafa ta fara nuna ana korar jan-baki, ko lokacin girbi da ake gadin tari, magidanta da samari kan kwana a tsakiyar makwancin sauron kansa, ba bango ba rufi. A tafi da gidan sauro, a kafa sanduna huɗu, a ɗaure, a cusa gefensa ƙarƙashin tabarma. A zaɓi tudu inda iska ke kaɗawa, ba gindin kunya ba. In za a iya ɗaga makwancin sama, a ɗaga. A Gambiya an gwada bukkoki a kan dirkoki, ƙarƙashinsu a buɗe: wadda ke sama da mita 1 sauronta ya ragu da kashi 40 cikin 100, ta mita 2 da kashi 68, ta mita 3 da kashi 84, saboda Anofilis ƙasa-ƙasa yake tafiya, warin kuma ya bi ta samansa ya wuce. Rumfar tsaron gona mai tsayi, da raga a kanta, ita ta fi dacewa. Takalmin ruwa da rigar aiki a bar su a ƙasa, can nesa da dirkokin. Wanda ya dawo daga irin wannan kwana ya ji jikinsa ya yi zafi bayan mako ɗaya ko biyu, ya je a gwada jininsa a ranar, kuma ya kwana cikin raga kafin ya haɗa ɗaki da yara.